Neman gida a Abuja: Abin dubawa kafin a biya kuɗin haya

Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke cika ofisoshin Abuja da rana ba a tsakiyar birnin suke kwana ba. Tsadar haya a Maitama da Asokoro da Wuse ta tura su Kubwa da Lugbe da Nyanya, wasu har Mararaba a Jihar Nasarawa ko Suleja a Jihar Neja.

Sai dai araha ba ta ado. Mazaunin Mararaba da ke aiki a Sakatariyar Tarayya yakan yi sammako tun bayan sallar Asuba don gudun cunkoson hanyar Keffi. Abin da ya rage a haya, kuɗin mota na iya cinye shi, musamman bayan cire tallafin fetur a 2023.

Ruwa ma abin lissafi ne. Inda famfo daga Madatsar Usuma bai kai ba, sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa. Unguwar da ke rukunin Band A kuma an yi mata alƙawarin wutar lantarki ta awa 20 a rana, amma da tsada.

Gidan da aka gani da rani na iya ɓoye aibinsa, domin wasu sassan Lokogoma da Lugbe sun sha fama da ambaliya. Masu gidaje kan nemi hayar shekara guda a dunƙule, ga kuɗin dillali da na lauya. Wanda ya biya kafin ya tambayi maƙwabta yadda damina ke kasancewa, da wuya kuɗinsa su dawo.