Yoyon baƙin mai a gejin tsohuwar mota: laifin roba ne ko na inji?

Gejin baƙin mai shi ne siririn ƙarfen nan da direba ke zarowa da safe, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa don ya ga inda mai ya tsaya. Yana zaune ne cikin wani bututu da ya ratsa jikin inji ya sauka har kaskon da mai ke kwanciya a ƙasa. Alamomi biyu ne a bakinsa, ta ƙasa da ta sama, kuma a yawancin ƙananan motoci abin da ke tsakaninsu kimanin lita 1 ne. Wuri biyu mai ke iya bi ya fito daga wannan bututu: gindinsa, inda ya shiga jikin inji, da bakinsa, inda kan gejin ke toshewa. A mafi yawan injina 'yar roba ce mai siffar zobe ke tsare kowanne daga cikinsu, a wasu tsofaffin injinan kuwa an buga bututun ne kawai cikin raminsa ya matse.

Motocin da ke cika garejojin Unguwar Mu'azu, a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, da waɗanda ke jere a gefen titin baifas na Nnamdi Azikiwe, galibinsu sun kwana biyu a duniya. Akwai Golf 3 da Volkswagen ta fara ƙerawa a 1991, akwai Corolla da Accord da suka shigo ta Kwatano bayan sun gama wata rayuwa a Turai ko Amurka, ga kuma Peugeot 504 da 406 na masana'antar Kakuri, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975. Robar da ke gindin gejin irin waɗannan motoci sau da yawa ita ce ta asali, ta shekara 20 ko fiye tana gasuwa. Baƙin mai a inji mai aiki yakan kai zafin digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Salshiyos, wato kusa da iyakar abin da robar da aka fi amfani da ita ke jurewa. A hankali take bushewa, ta baje, ta daina komawa siffarta, a ƙarshe ta tsage.

Abin da ya bambanta wannan yoyo da sauran shi ne famfon mai ba ya tura komai ta bututun geji. Famfon yana aika mai da ƙarfi ne zuwa tace da beyarin da kan inji. Abin da ke isa ga bututun fantsama ce kawai da tururin mai. Saboda haka idan roba ce kaɗai ta mutu, abin da za a gani danshi ne da ƙura ta manne masa, ko 'yan ɗigo a ƙasa bayan mota ta kwana. Idan kuwa mai na feshi, ko ana iske gejin ya ɗago da kansa bayan doguwar tafiya, to akwai abin da ke ingizo shi daga ciki, kuma sabuwar roba ba za ta hana ba.

Ko ƙaramin ɗigon ma ba abin raini ba ne. Ɗigo 20 ne ke yin kimanin mililita 1. Motar haya da ke zubar da ɗigo ɗaya a minti, tana aikin awa 10 a yini, za ta rasa kusan lita guda a wata, daidai abin da ke tsakanin alamomin geji biyu. Jar fitilar mai da ke gaban direba ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tura shi take aunawa, don haka kafin ta kama an riga an shiga haɗari. Man da ya zubo kuma yana narkar da robobin da inji ke zaune a kansu, yana lalata bel, in ya sauka kan bututun salansa mai zafi ya yi hayaƙi, wani lokaci har ya kama wuta. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin ciko kansa ya zama abin lissafi ga mai tsohuwar mota.

Aikin yana farawa ne da wanki. Mai yana gangarowa daga sama, iskar fanka da ta hanya kuma suna kora shi baya, don haka jiƙar da aka gani a gindin geji tana iya zama ta gasket ɗin murfin saman inji, ko ta makunnin fitilar mai, ko ta tacen da ba a ɗaure da kyau ba. Akan bar inji ya huce, a wanke wurin da kananzir ko sabulun wanke inji, a bar shi ya bushe, a barbaɗa farar hoda a kewayen bututun, sannan a tayar da mota ta yi kamar minti 15. Inda hodar ta fara yin duhu a can sama, nan ne tushen yoyon. Wankin fetur da yaran gareji suka saba yi yana da sauri, amma kusa da batir da wayoyin wuta ganganci ne.

Daga nan sai a duba yawan man. Akan tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe ta, a jira minti 5 zuwa 10 mai ya koma kasko. Injinan silinda huɗu da yawa suna cin lita 3 da rabi zuwa 4 da rabi, alhali ana sayar da mai a galan na lita 4 ko 5, kuma a wajen juye ba abin mamaki ba ne a tuntsure galan ɗin gaba ɗaya don kada a bar saura. Man da ya haura alamar sama yana shiga hanyar karanshaf, ta buge shi ya yi kumfa, ya nemi mafita ta bututun geji da sauran sil. Maganinsa a rage, ba a kashe ko sisi. Amma in man na ƙaruwa da kansa yana warin fetur, to kabureta ko injekta ne ke zuba, in kuma ya koma ruwan madara, ruwa ne ya shiga daga gasket ɗin kan inji. Waɗannan wasu cututtuka ne dabam.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne numfashin inji. Duk lokacin da fetur ya ƙone a saman fistin, wani ɓangare na iskar ƙonuwar yana kurɗawa ta gefen ringi ya sauka cikin inji. Hakan na faruwa ko a sabuwar mota, sai dai kaɗan ne. Injinan zamanin da suna fitar da wannan iska ne ta wani bututu da ke kallon ƙasa. Jihar Kalifoniya ta Amurka, saboda hazon hayaƙin Los Anjeles, ita ce ta fara matsa wa masu ƙera motoci a farkon shekarun 1960 su mayar da iskar cikin inji ta sake ƙonewa, daga baya tsarin ya game duniya. Abin da ke yin aikin wani ɗan bawul ne da ake kira PCV, tare da tiyo ɗaya ko biyu da suka haɗa murfin saman inji da hanyar shigar iska. Idan yana lafiya, a silo cikin inji na ɗan zuƙa ne, ba ya hurawa. Idan daskararren mai ya toshe shi, ko tiyon ya lanƙwashe, ko wani bakanike ya taɓa cusa masa ƙusa don ya hana mai shiga gidan tacen iska, sai iska ta cika cikin inji kamar tukunyar da aka danne wa murfi tana tafasa. Geji ne wuri mafi sauƙin buɗewa, shi ya sa yake fara nunawa.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Inji na da ɗumi yana silo, sai a kwance murfin zuba mai a ɗora shi a bakinsa ba tare da an murɗa ba. In ya zauna yana ɗan karkarwa, babu damuwa. In yana tsalle, hayaƙi na bugowa da ƙarfi, akwai matsi. Sai a zare bawul ɗin a girgiza shi: irin mai ƙwallo a ciki yakan yi ƙara in yana da rai, sannan a sa yatsa a bakinsa a ji ko yana zuƙa. Bawul da tiyo ba su da tsada, wanke su ko sauya su aikin minti kaɗan ne. Idan an buɗe hanyar amma hurawar ba ta ragu ba, kuma mota na shan mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, to ringi ne ko silinda suka cinye. Na'urar auna matsin silinda ce ke tabbatarwa: bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tsakanin silinda da 'yar uwarta alama ce, in kuma aka ɗiga ɗan mai ta ramin fulogi matsin ya tashi, ringi ne.

Idan an kawar da waɗannan, gyaran robar mai sauƙi ne. A yawancin injinan Toyota da Honda ƙusa ɗaya ce ke riƙe bututun a jikin inji, ta sifana mai lamba 10 ko 12. A share gindin sosai kafin a taɓa shi, don duk yashin da ke wurin cikin kasko zai faɗa. A kwance ƙusar, a murɗa bututun hagu da dama ana jan sa sama a hankali, ba a finciko shi da filaya ba. A cire tsohuwar robar, a tabbata ba ta bar guntu a ramin ba, a shafa wa sabuwa ɗan mai mai tsabta, a tura bututun har ya zauna, a ɗaure. A injinan Volkswagen na zamanin Golf 3, saman bututun wani mazurari ne na roba mai ruwan lemo wanda zafi ke busarwa ya dinga ɓarewa. Ba ya gyaruwa, sauya shi ake yi, kuma a kula kada ɓarɓashinsa ya gangara ciki, domin yana iya toshe ragar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Bututun ƙarfe da ya tsage a wajen maƙalarsa masu walda a kasuwar Panteka suna iya liƙe shi da tagulla, bayan an cire shi an wanke. Irin wanda aka buga cikin rami kuwa, shi ne kaɗai wurin da siririn shafen gam mai jure mai ke da amfani.

Wajen sayen roba akan tafi da tsohuwar, amma a tuna ta baje, don haka kaurinta na yanzu bai kai na asali ba. Ramin da take zama a jikin bututu shi ne ma'aunin gaskiya. Robar famfon ruwa tana kama da ta inji a ido, sai dai wasu nau'o'inta kumbura suke yi su ruɓe in sun haɗu da mai. Wadda ake so ita ce ta naitiril, ko mafi kyau ta Viton, wadda ke jure zafin kusan digiri 200. Haka ma gejin gwanjo: na wani injin yana iya shiga ramin daidai amma tsawonsa ya bambanta, ya riƙa ba da ƙarya a kowace safiya. A jera shi da na asali a gwada tsawo da alamomi kafin a biya.

Dabarun da aka fi gani a hanya su ne ɗaure kan geji da waya, naɗa masa leda ko tsumma, da lafta gam a gindin bututu ba tare da an cire shi ba. Gam ba ya kama jikin da ke da mai, wanda ya yi yawa kuma yakan gutsure ya faɗa kasko. Ɗaure geji a injin da ke hurawa ya fi muni, domin matsin zai koma kan sil ɗin karanshaf, kuma na baya ba a isa gare shi sai an sauke giya. Zuba mai mai kauri fiye da wanda aka rubuta wa injin, ko ruwan kaurara mai na gwangwani, yana rage ɗigo na ɗan lokaci, amma yana jinkirta isar mai kan inji da sanyin safiya.

Ramin da mai ke fita ta cikinsa iska ma na shiga ta nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke lulluɓe Kaduna da ƙura, injin da bawul ɗinsa ke zuƙa yana jan iskar da ba ta bi ta tace ba ta bakin gejin da bai toshe ba. Ƙurar na gauraya da mai ta riƙa cin ringi da beyarin, a motoci masu injekta kuma wannan ɓarauniyar iska kan sa silo ya yi ta rawa. Don haka robar kan geji tana buƙatar sauyi ko da ba a ga ɗigo ba, muddin gejin na shiga yana fita ba tare da ya kama ba.

Bayan gyara akan sake wanke wurin, a daidaita mai tsakanin alamomin biyu, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, a riƙa duba geji kowace safiya har mako guda. Injin da aka tabbatar ringinsa ne suka gaji yana iya ci gaba da aiki na wani lokaci idan hanyar numfashinsa a buɗe take, ana juye a kan kari, ana ciko, kafin mai motar ya tara kuɗin sauke shi ko sayen wani.