Me Ya Sa Shafi Yake Ƙin Karɓar Hotonka?



Makon jiya ƙanwata ta kira ni da dare, muryarta kamar za ta yi kuka. Tana cike fom ɗin tallafin karatu, sha biyun dare za a rufe, kuma duk sanda ta ɗora hoton takardarta sai shafin ya ƙi karɓa. Ta ce, "Yaya, mutanen nan ba sa son ɗan talaka ya samu ne kawai." Na ce ta duba nauyin hoton. Megabait 4. Shafin kuma kilobait 200 yake so. Megabait ɗaya kilobait dubu ne da 'yan kai, wato hotonta ya ninka abin da aka yarda sau ashirin.

To, mugunta ce? A'a. Akwai dalili biyu.

Na farko nauyi. Duk abin da ka ɗora, a wata kwamfuta ake ajiye shi, wadda ake kira sabar, kuma kuɗi ake biya. A ce mutum miliyan ɗaya suka nema, kowa ya ɗora megabait 4, an tara terabait 4 ke nan. Da kilobait 200 kuwa, gigabait 200 ya isa. Hatta Gmail megabait 25 ne iyakar abin da za ka maƙala wa saƙo. Sannan akwai masu ganganci. Akwai wani sanannen fayil mai suna 42.zip, kilobait 42 ne kacal, amma in aka warware shi gaba ɗaya yana kai petabait 4.5. Sabar da ta buɗe shi ba lissafi, ta kwanta, kowa ya rasa shiga.

Na biyu nau'i, kuma wannan ya fi haɗari. Mai kutse zai iya rubuta ƙaramar manhaja, ya sa mata suna kamar hoto, ya ɗora. In sabar ta ɗauka ta aiwatar da ita, ya samu mabuɗin gida: sunayenku, lambobin waya, NIN, komai. A 2017 aka kutsa kamfanin Equifax na Amurka, aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 147. Ɓarakar tana cikin manhajar Apache Struts ne, daidai ɓangaren da ke kula da ɗora fayil. An fitar da gyaran tun watan Maris na shekarar, kamfanin bai saka da wuri ba.

Yanzu ku 'yan uwana da ke koyon haɗa shafuka, ku saurara. Binciken da kuka sa a burauza don sauƙaƙa wa mutane ne, mai kutse tsallake shi yake yi, don haka dole a sake bincikawa a sabar. Kada ku yarda da sunan fayil, kowa na iya canza shi. Ku leƙa cikinsa: PDF na gaskiya da %PDF yake farawa, JPEG kuma da FF D8 FF. Ku rubuta nau'in da kuka yarda da shi kaɗai, saura duk a ƙi. Ku canza wa fayil suna, ku ajiye shi inda sabar ba za ta aiwatar da shi ba.

Amma fa ina da ƙorafi. Ƙa'idar da ba a bayyana ba zalunci ce. Shafi ya jira yarinya ta ƙona datarta, sannan ya ce an samu matsala, ba tare da faɗin wace matsala ba? Ku rubuta iyakar tun a sama, ɓaro-ɓaro. In hali ya yi, shafin ya rage hoton da kansa. Yawancinmu da waya muke cike fom, kuma ba kowa ke da kuɗin zuwa kafe ba.

Mu masu cikewa kuma, mu karanta sharuɗɗa kafin mu fara. Masu iPhone ku lura, wayarku kan ajiye hoto a HEIC, shafuka da yawa ba sa karɓarsa, sai an mayar da shi JPEG. Canza ƙarshen suna kawai ba ya mayar da shi. Kuma don Allah kada ku kai katin shaidarku kowane shafin rage hoto da kuka gani, ba ku san wa ke ajiye kwafi ba. Ku rage a wayarku.

Ita ƙanwata, datse gefen hoton muka yi, muka rage shi, muka tabbatar rubutun yana karantuwa. Saura minti arba'in ya shige. Na ce mata gaba kada ta sake bari sai daren ƙarshe, ta ce in bari ta huce tukuna.

Ku tura wa duk wanda ke cike fom a kwanakin nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.