Injin da Ke Mutuwa a Tsakiyar Ruwa

Babu kogi a Choggu. Unguwa ce ta Tamale, a yankin Sagnarigu, kuma ruwa mafi kusa da jirgin kaya zai iya bi yana Yapei, inda titin Kumasi ya haye Farar Bolta. Amma idan injin jirgi ya gagari masu gyaran bakin ruwa, Tamale ake ɗauko shi, domin a nan fitoci suke, a nan kayan gyara suke. Ta haka ne famfon injekta na wani jirgin katako ya iso garejin wani dattijon fita a Choggu, naɗe cikin buhu, mai jirgin na biye da shi ransa a ɓace.

Yawancin kwale-kwalen tafkin Bolta da injin fetur na rataye suke tafiya. Wannan jirgin yana cikin 'yan kaɗan da aka dasa musu injin dizal na tsohuwar motar kaya a ciki, yana ɗaukar doya da gawayi tsakanin ƙauyukan gaɓa. Ciwonsa kuwa mai ban mamaki ne. Da safe bugu ɗaya yake tashi. A bakin ruwa zai yi ta aiki lafiya lau. Sai an yi lodi, an shiga ruwa sosai, an ba shi wuta, sai ƙarfinsa ya fara raguwa, ya yi tari, ya mutu. A bar shi ya huta, a fitar masa da iska, ya tashi kamar ba shi ba.

Wanda bai san tafkin ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye dazuzzuka, kuma kututturan itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashinsa har yau. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya jin sitiyari, iska ce ke kai shi inda ta ga dama, da kaya da mutane a ciki. Shi ya sa mai jirgin bai tsaya ciniki ba.

"Masta, famfon nan ne. Ka gyara, ko nawa ne."

"Alhaji, bari mu ji ta bakin famfon tukuna."

Aka kai shi wurin masu gwaji, ya ba da mai daidai a kowace silinda. Nozul ma ƙalau. Dattijon ya ce ba zai karɓi kuɗin gyaran abin da bai lalace ba, sai dai ya bi Alhaji zuwa bakin ruwa ya ga jirgin da idonsa. A ganina nan ne aikin ya fara, domin famfon injekta shi ne mafi tsada a layin mai, kuma shi aka fi saurin ɗora wa laifin da ba nasa ba.

Zargi na farko ya faɗa kan man. Alhaji ya rantse dizal ɗin yanzu ba irin na da ba ne, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren: a 2017 Ghana ta rage yawan farar wuta da aka yarda a samu a dizal daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50, kuma irin wannan tataccen man yana iya sa tsofaffin robobin inji su tsuke. To amma robar da ta tsuke yoyo take yi, a nan kuwa ko ɗigo babu. Aka zuƙo mai daga gindin tanki a kwalba, aka bar shi ya kwanta, ba a ga ruwa a ƙasa ba. Motocin da suka sha mai a wuri ɗaya da jirgin ma ba wanda ya yi kuka.

Sai filta. An riga an canza ta tun kafin a je Tamale, sabuwa ce. Duk da haka Masta ya kwance ta, ya zazzage a kan farin tsumma. Ga wasu 'yan baƙaƙen ɓarɓashi. Yaran jirgin suka ce dattin tanki ne. Ya murza ɗaya a tsakanin yatsunsa, bai narke ba, bai kuma yi ƙaiƙayin tsatsa ba, sai ɓarɓashin ya miƙe ya koma. Ya naɗe tsumman ya sa a aljihu, bai ce komai ba.

Daga nan ya koma kan murfin tanki. Tanki yana da ramin shan iska, idan ya toshe man ba ya fita da daɗi, kuma alamunsa kusan ɗaya ne da waɗannan. Aka bar murfin a buɗe aka shiga ruwa. Injin ya mutu kamar yadda ya saba.

Yanzu mai ya fita daga zargi, filta ta fita, famfo da nozul da murfi duk sun fita. Abin da ya rage shi ne hanyar da man ke bi daga tanki zuwa inji. Masta ya sa aka kawo galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa da mutanen Ghana ke kira galan ɗin Kufuor, aka cika shi da man tankin jirgin, aka jona shi da ƙaramin famfon zuƙo mai ta wani guntun tiyo. Aka yi lodi, aka ba da wuta. Jirgin ya je ya dawo, injin bai yi tari ko sau ɗaya ba.

Zargi ya koma kan tiyon da ke kai mai daga tanki, amma Alhaji ya ce ba zai yiwu tiyo ba ne, ai ba ya yoyo, kuma bai daɗe ba. Wannan maganar ce ta buɗe komai.

"Bai daɗe ba? Alhaji, ka ce mini ba a taɓa komai ba kafin ciwon ya fara."

Wani yaro ya ce tsohon tiyon ya tsage a bara, aka aiki mutum gari da guntunsa, ya sayo baƙi mai irin kaurinsa. Ba wanda ya lissafa wannan a cikin gyara.

Dalilin rashin yoyon shi ne, tsakanin tanki da famfon zuƙowa man ba turo shi ake yi ba, janyo shi ake yi. Idan akwai rauni a wannan ɓangaren, iska ce ke shiga, mai ba ya fita. Don a gani da ido, Masta ya mayar da layin yadda yake, ya saka ɗan guntun tiyo mai gani-har-hanji dab da famfon. Muddin injin na tafiya a hankali, man yana wucewa tas. Da aka ƙara wuta na ɗan lokaci sai kumfa ya fara bayyana, yana ƙaruwa, har injin ya shaƙe.

Aka cire tiyon. Daga waje lafiya lau yake, sai dai ya yi laushi a hannu. Masta ya tsaga shi da reza daga wannan kai zuwa wancan. Fatar cikin ta kumbura ta yi taɓo, ramin ya ragu, kuma a wata kwana kusa da jikin inji ta ɓanɓaro tana lilo kamar belun maƙogwaro. Ya fito da tsumman aljihunsa ya ajiye a gefe. Ɓarɓashin da fatar abu ɗaya ne.

Sai labarin ya haɗu. Da safe robar tana da sanyi, injin ba ya jan mai da yawa, hanya a buɗe take. Idan aka yi lodi, zafin inji ya tausasa ta, famfon kuma ya ƙara ja, sai fatar ta rufe ramin. Famfon da ya rasa mai yakan janyo iska ta bakin kilif ɗin da robar ta saki. Idan injin ya mutu jan ya tsaya, fatar ta koma ta kwanta, aka fitar da iska, ya tashi.

Da aka goge jikin tiyon, rubutun da ya rage ya nuna na ruwan zafi ne, irin wanda ake sa wa hita da lagireto. Ana yin sa da robar EPDM, wadda take jure ruwa da zafi amma dizal yana kumbura ta. Tiyon mai kuwa cikinsa robar nitril ne ko abin da ya fi ta. A ido duka biyun baƙaƙe ne, kaurinsu ɗaya, kuma mai shago zai auna da guntun da aka kai masa ya yanko wanda ya yi daidai. Ba lalle da mugunta ba, ba a gaya masa abin da zai bi ta ciki ba ne.

Samun na ƙwarai shi ne wahalar da ta rage. Tiyon man jirgin ruwa na ainihi yana ɗauke da rubutun ISO 7840 A1 ko SAE J1527 A1, kuma an gwada shi ya jure harshen wuta na minti biyu da rabi. A jirgin katako wannan lokacin na iya zama abin da zai ba mutane damar kashe wutar. Irinsa ba a cika ganinsa a shagunan kayan mota ba, sai an yi saƙo Suame Magazine a Kumasi, ko Akara da Tema. Kafin ya iso, Masta ya sa na man mota mai rubutun SAE J30, ya auna faɗin ramin da bakin ƙarfen da zai shiga, ya janye shi daga jikin inji, ya ɗaure kowane kai da kilif mara tsatsa. Ya canza na komawar mai ma, ya wanke tanki, ya sake filta. Guntun mai gani-har-hanji kuwa cire shi ya yi, domin robar PVC tana bushewa a dizal ta tsage.

Masu jirage na Yapei da Buipe da Yeji, idan za ku aiki yaro sayen tiyo, ku rubuta masa lambar a takarda tare da faɗin ramin, ku ce ya karanta jikin tiyon kafin a yanka. Wanda ba shi da rubutu, ko aka ce rubutun ya goge, a bar shi a shagon.