Najjar na Gedambaliya: Kafinta, Tsohon Soja, Uban Gida

A garin Gedambaliya, yamma da birnin Gadarif a gabashin Sudan, an yi wani dattijo Bahaushe wanda sana'arsa ta rufe sunansa na yanka. Yara da manya Najjar suke ce masa, wato kafinta da harshen Larabci, mu ma da wannan suna za mu ambace shi. Ya daɗe da rigan mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa Ya sa Aljanna ce makomarsa, amma tarihinsa ya haɗa abubuwa da dama da ya kamata iyalanmu su sani game da 'yan'uwanmu Hausawan Sudan.

Mahaifinsa na cikin jama'ar da suka baro ƙasar Hausa bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya gabas da waɗanda suka tsira, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Wasu sun zarce Makka, wasu guzuri ya ƙare musu suka tsaya noma. A irin wannan gida aka haifi Najjar, ya yi karatun allo, ya kuma koyi riƙon gizago tun yana yaro.

A watan Yuli na 1940 sojojin Italiya da ke riƙe da Habasha da Eritiriya suka kama Kasala da Gallabat. Gadarif ta zama bakin daga, domin a nan ne mazaunin rundunar gabas ta sojojin tsaron Sudan, waɗanda aka kafa a 1925. Najjar ya shiga soja a wannan lokaci yana saurayi. An gwabza a Gallabat cikin Nuwamba na 1940, aka ƙwato Kasala a Janairu na 1941. 'Ya'yansa sun ce ba ya son labarin harbi. Idan aka matsa masa sai ya karkatar da zancen ga akwatunan da ya gyara da gadojin katako da aka sa shi harhaɗawa, kamar dai ba a taɓa ba shi bindiga ba.

Yaƙin nan ne kuma ya canja Gedambaliya. Wajen 1944 zuwa 1945 gwamnatin mulkin mallaka ta soma noman dawa da tarakta a baƙar lakar yankin don ciyar da sojoji, kuma daga nan ne noman injin da ya mai da Gadarif rumbun dawa da riɗi ya samo asali. Inda aka buɗe gona, leburori za su taru. Inda leburori suka taru, ana bukatar ƙofa da gado. Najjar ya gane haka. Da aka sallame shi sai ya kafa rumfa, ya rataye zarto, ya fara aiki.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne angarib, gadon katako na mutanen Sudan da ake saƙa wa igiya. Mai karatu da bai taɓa zuwa can ba zai iya ɗaukarsa ƙaramin abu, alhali a kansa ake haihuwa, a kansa ango ke zama ranar biki, kuma shi ne makarar da ake ɗaukar mamaci zuwa kushewa. Najjar yakan zaɓi icen bagaruwa, wanda Larabawan can ke kira sunut, saboda taurinsa da jure wa gara. Ba ya taɓa ɗanyen ice. Sai ya bushe sarai, domin ɗanye yakan motse bayan damina, ƙafa ta saki, gado ya riƙa kuka. Yakan huda ƙafafun ya zura sandunan a ciki ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, igiyar da aka ɗaure tam ita ce ke riƙe komai. Allunan almajirai kuwa da icen aduwa yake yi, kuma ba a taɓa jin ya karɓi kuɗin allon maraya ba. A ganinmu wannan ya fi kowace lambar yabo da aka liƙa masa a ƙirji.

Akwai abu guda da ya ci masa rai har tsufansa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mahaifin Najjar ya iso bayan haka. Ke nan mutumin da aka haifa a ƙasar, ya sa mata kaki, ya tsaya mata a kan iyaka, ana iya kallonsa a ce Fallata ne, baƙo. An sassauta dokar daga baya, amma kallon bai gushe gaba ɗaya ba. Rikicin jihar Nilu mai Shuɗi a Yuli na 2022, wanda ya fito da Hausawa zanga-zanga a Kasala da Gadarif, ya nuna haka. Shi ya sa Najjar ya adana takardar sallamarsa ta soja cikin akwatin da ya yi da hannunsa, yana nuna wa 'ya'yansa ita kamar takardar gona.

A gida bai yarda a daina Hausa ba, ko da yake Larabci ne harshen kasuwa. Ya sa mata da maza makaranta, ya aurar da kowace 'ya da gado da akwati na aikinsa.

Bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilu na 2023, musamman da Wad Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, 'yan gudun hijira sun kwararo jihar Gadarif ba tare da ko tabarma ba. Jikokinsa biyu da suka gaji rumfar sun yi ta harhaɗa angarib da guntayen katako, suna bayarwa bashi ga waɗanda suka sauka a makarantu da gidajen dangi. Da gizagon kakansu suka yi aikin, ƙotarsa kaɗai aka taɓa canjawa.