Gidan Masu Larurar Down: Idan Hali Ya Fara Sauyawa

A garuruwan Ingila akwai ƙananan gidaje inda manya masu larurar Down ke zaune su huɗu ko biyar, kowa da ɗakinsa, ma'aikata kuma suna karɓa-karɓa dare da rana. Irin waɗannan gidaje ne suka maye gurbin manyan asibitocin da ake killace masu raunin fahimta a da, waɗanda aka yi ta rufewa tun daga shekarun 1980. Sabo ne ke tafiyar da gidan. Kowa ya san kujerarsa da kofin shayinsa, ya san ranar zuwa kanti da ranar wankinsa.

A da galibin masu wannan larura ba sa kai ga tsufa. A Amurka, a 1983, matsakaicin tsawon ran mai larurar bai wuce shekara 25 ba. Yau yana kusan 60, saboda tiyatar zuciya da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Tsawon ran sai ya fito da wata matsala. Mai larurar Down yana da ƙwayar gado ta 21 guda uku maimakon biyu, abin da aka gano a birnin Paris a 1959, kuma a kan wannan ƙwaya umarnin sarrafa sinadarin amiloyid yake, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. Kafin shekara 40 kusan dukkansu sinadarin ya taru musu, ko da babu alama a fili. Galibi sai an shiga shekaru hamsin da 'yan kai likita ke tabbatar da cutar.

Abin da ke ruɗa ma'aikata shi ne, sau da yawa ba mantuwa ce ke fara bayyana ba, hali ne ke sauyawa. Mutumin da ya saba tarbar baƙi da fara'a sai ya koma ɗaki ya yi shiru. Wadda ta shekara ashirin tana shirya teburin abinci sai a gan ta tsaye da cokula a hannu, ta rasa ta ina za ta fara. Wani ya ƙi wanka, wani ya toge a bakin matakala kamar rami ne a gabansa, domin ƙwaƙwalwa ta daina auna zurfi daidai. Da la'asar sakaliya ake yawan ganin rashin natsuwa, da dare kuma yawo a cikin gida. Sabon ma'aikaci zai ce taurin kai ne, kuma wannan hukunci zalunci ne, don mutumin ba ƙi ya yi ba, kasawa ya yi.

Shi ya sa littafin rahoton da ma'aikata ke cikewa ya fi komai daraja a gidan. Gwajin mantuwa da ake yi wa sauran mutane bai dace da wanda tun asali karatu da lissafi ke yi masa wuya ba, don haka da kansa na jiya ake gwada shi. Ƙwararru a Birtaniya suna ba da shawarar a rubuta iyawar kowane mai larurar tun yana kusan shekara 30: yana ɗaura igiyar takalmi? Yana haɗa shayi da kansa? Bayan shekaru, wannan rubutu ne zai nuna abin da ya zube.

Ba kowane sauyi ba ne Alzheimer, kuma a nan ne likita nagari ke ɗaukar lokaci. Raunin ƙullin tayirod na wuya ya yawaita a cikinsu, yana kawo kasala da sanyin jiki, kuma gwajin jini kaɗai ya isa a gano shi. Haka toshewar kunne, yanar ido, ɗaukewar numfashi cikin barci, ciwon haƙorin da mutum ya kasa faɗa, da ciwon damuwa bayan rasuwar uwa. Duk waɗannan suna da magani.

Idan cutar ta tabbata, gidan ne ke sauyawa. A ƙara haske, a liƙa hoto a ƙofar banɗaki, a gajarta magana, a daina gardama da wanda ya dage cewa mahaifiyarsa na nan tafe. Abokan zama ma ana yi musu bayani, domin su ma suna jin ciwon ganin abokinsu ya daina gane su. Daga baya farfaɗiya kan bayyana, haɗiya ta yi wuya, ciwon huhu ya riƙa kai da komo. Magungunan da aka saba bayarwa suna ɗan sassauta alamu ne kawai.

A ƙasar Hausa kuwa iyali ne ke riƙe da masu wannan larura, kuma uwa ko 'yar'uwar da ta san halin mutum tun yana yaro ita ce ke da bayanin da likita zai nema kafin kowane gwaji.