Laulayi Mai Tsanani Da Fargabar Yanke Albashi: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Ƙarfe bakwai na safe a Minna, keke kan cika da mata masu sammakon neman halali: malamar makaranta daga Tunga, mai jinya daga Kpakungu, ma'aikaciyar sakatariya daga Limawa, mai jiran shago a Kasuwar Kure. A cikinsu ba a rasa wadda ta riƙe leda a hannu, ta toshe hanci da gefen mayafi saboda warin fetur, alhali tun jiya ko ruwa bai zauna mata a ciki ba. Ƙaramin ciki gare ta, kunya ta hana ta faɗa, tsoron a yanke mata albashi kuma ya hana ta kwanciya. Domin irinta aka yi wannan bayani, da mijinta, da wanda take yi wa aiki.

Laulayi iri biyu ne

Mafi yawan masu juna biyu, kamar bakwai cikin goma, suna fama da tashin zuciya ko amai a farkon ciki. Yakan fara tsakanin mako na 4 da na 7, ya yi ƙamari wajen mako na 9, ya lafa kafin mako na 20. Mai irin wannan tana wahala, amma tana ɗan ci, tana sha, tana fitsari kamar kullum.

Akwai kuma mai tsanani, wanda likitoci ke kira hyperemesis gravidarum. Yana kama mace ɗaya zuwa uku cikin ɗari. Amai ne ba ƙaƙƙautawa dare da rana, yawu ya yi ta taruwa a baki, ƙamshin girki ko turare ya zama azaba, jiki ya bushe, mace ta rame. Ma'aunin da likitoci ke dubawa shi ne zubar kashi biyar cikin ɗari na nauyin jiki: wadda take da kilo 60 kafin ciki ta rasa kilo 3 ko fiye. Wasu sukan samu sauƙi a tsakiyar ciki, wasu kuwa sai ranar da suka sauka.

A gidajenmu an saba cewa irin wannan mace raki gare ta, ko son jiki, ko shagwaɓar cikin fari. Ilimi ya ƙaryata wannan. A watan Disamba 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da Dakta Marlena Fejzo ta Amurka da Farfesa Stephen O'Rahilly na Jami'ar Kambirij suka jagoranta, wanda ya nuna cewa wani sinadari mai suna GDF15, da mahaifa ke zubawa cikin jinin uwa, shi ne babban musabbabi. Macen da jikinta bai saba da sinadarin ba kafin ciki ita ta fi jigata idan ya hauhawa. Ita kanta Fejzo ta yi ɓari a 1999 saboda wannan ciwo, abin da ya sa ta duƙufa a kansa. Kate Middleton, matar Yarima William na Ingila, an kwantar da ita a asibiti a Landan a Disamba 2012 saboda shi. Ciwon da bai bar gidan sarauta ba, ba a ce masa lalaci.

Alamomin da ba a jira da su

'Yar'uwa, ki tafi asibiti a ranar idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: kin yini kin kwana ruwa bai zauna ba, fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke na awa takwas, jiri na ɗibar ki idan kin miƙe, akwai jini a cikin aman, zazzaɓi ko ciwon mara ya biyo baya, idonki na gani dishi-dishi ko hankalinki na rikicewa. A zafin Maris da Afrilu na Minna, lokacin da ma'aunin zafi kan doshi digiri 40, jiki na bushewa cikin sa'o'i kaɗan.

Ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku inda kike awo. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki gaba: akwai Babban Asibitin Minna, da Asibitin Mata da Jarirai na Jummai Babangida Aliyu, da Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga. Ki nemi a gwada jini da fitsari, domin zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara su ma suna sa amai. Ki nemi a yi hoton ciki, domin tagwaye kan tsananta laulayi, haka ma wani irin ciki da ba ɗa a cikinsa, wanda dole a gano shi da wuri.

Magani akwai shi. Likitoci na ba da bitamin B6 da magungunan tsayar da amai irin su promethazine da metoclopramide, waɗanda aka daɗe ana ba masu ciki, idan ba su yi ba a sauya wasu. Wadda ta bushe ana yi mata ƙarin ruwa, tare da bitamin B1, domin rashinsa bayan makonni ana amai na iya taɓa ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayar ƙarin jini ce ke tayar miki da zuciya, ki gaya wa ma'aikaciyar awo ta duba abin da za a yi, kada ki watsar da magungunan awo gaba ɗaya. Kada ki saya wa kanki magani a kemis, kuma ki nisanci jiƙe-jiƙe da kanwa. Citta da lemun tsami na iya taimaka wa mai ƙaramin laulayi, amma ba sa maye gurbin asibiti ga mai tsanani. Idan azumi ya riske ki a wannan hali, malamai sun yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa mai ciki da marar lafiya. Ki tambaya, kada ki cutar da kanki.

Me doka ta ce game da albashi?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci haƙƙin albashinsa har na kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ya hana shi zuwa, da sharaɗin likita mai rajista ya shaida. Idan mai aiki ya ce likitan da ya zaɓa ya sake duba ki, dokar ta ce ki amince. Lissafin na bin shekarar kalanda ne, saboda haka wadda laulayinta ya ratsa daga Disamba zuwa Janairu tana da sabbin kwanaki 12.

A nan gizo ke saƙar. Laulayin da ya fara a mako na 6 ya lafa a mako na 16 ya ci mako goma, wato kwanakin aiki 50 ga mai zuwa Litinin zuwa Juma'a. Doka ta tabbatar da 12, saura 38 sai abin da takardar ɗaukar aiki ta tanada ko abin da aka daidaita da mai aiki. A Birtaniya doka ta tilasta biyan kuɗin jinya har mako 28. Mu ba mu da irin wannan, kuma asusun NSITF na biyan diyya ne ga rauni ko ciwon da aiki ya jawo, ba laulayi ba.

Hutun haihuwa, a sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, mako shida ne kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki a wurin. Ba ya farawa a farkon ciki, don haka kada a ruɗe ki a ce an cire kwanakin laulayi daga cikinsa ba tare da yardarki ba. Sashen ya hana a ba mace takardar kora tana cikin hutun haihuwa, ko idan hutun ya zarce saboda ciwon da likita ya shaida cewa ciki ko haihuwa ne suka jawo shi. Amma ya kuma ce ba dole ne mai aiki ya biya kuɗin maganin ciki ba. Saboda haka ki bincika ko wurin aikinku ya sa ki a inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, ki kuma tambayi asibitin unguwa ko suna cikin shirin asusun kula da lafiya a matakin farko.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci. Su abin da ke cikin takardar ɗaukar aikinsu ne ke aiki a kansu. Ma'aikatan gwamnati kuma suna da kundin dokokin aikin gwamnati, wanda tanadinsa na hutun jinya da na haihuwa ya fi na Dokar Ƙwadago yalwa. Ma'aikaciyar jiha ko ta ƙaramar hukumar Chanchaga ta je ofishin kula da ma'aikata ta nemi a nuna mata abin da aka rubuta, kada ta tsaya ga ji-ta-ji-ta.

Korar mace don ta samu ciki kuwa, kotu ba ta ɗaukarsa da wasa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar wariya a wurin aiki, kuma kotun ta taɓa yanke hukunci a shari'ar wata mata da aka sallama bayan ta sanar da shugabanninta tana da juna biyu: ta ce an ci zarafinta, ta sa a biya ta diyya.

Matakan da za ki ɗauka

Na farko, takardar likita. Ita ce mabuɗin komai. Ki roƙi likita ya rubuta sunan ciwon, da cewa ciki ne ya jawo shi, da yawan kwanakin hutun da ya ba ki. Ki ɗauki hotonta a waya kafin ki miƙa.

Na biyu, ki faɗa da wuri. Mun san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, musamman na fari, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sai duk ofis sun ji ba. Mutum ɗaya ya isa, shugaban wurin ko mai kula da ma'aikata, ki kuma roƙe shi ya riƙe sirri. Shugaban da bai san dalili ba zai rubuta miki fashi ne kawai.

Na uku, komai a rubuce. Ko saƙon WhatsApp ne, ki aika kafin lokacin fara aiki, ki ajiye amsar. Idan an yi magana da baki, ki bi ta da saƙo: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana ɗazu, likita ya ba ni hutun kwana biyar, ga takardar."

Na huɗu, ki je da shawara a hannu. Mai aiki ya fi saurin amincewa idan ya ga mafita: a sauya miki lokacin shigowa zuwa sa'ar da kika fi samun sauƙi, a rage miki darussa a ba abokiyar aiki na ɗan lokaci, a matsar da ke daga kicin ko kusa da janareta, a ba ki kujera kusa da taga da banɗaki. Idan kwanaki 12 sun ƙare, ki nemi a haɗa miki da hutun shekara, ko rabin albashi na wata ɗaya ko biyu, ko hutu ba albashi tare da rubutaccen alkawarin cewa gurbinki na nan. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki kina cikin galabaita. Wadda ta ajiye da hannunta ta rage wa kanta hujja.

Na biyar, idan an danne miki haƙƙi, ki fara da ƙungiyarku, NUT ga malamai, NULGE ga ma'aikatan ƙaramar hukuma, ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ga masu jinya. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a wadda ba ta karɓar kuɗi, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

A ranakun da kike iya fita, ki ɗan ci wani abu busasshe kafin ki sauko daga gado, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan kada ciki ya zama wayam, ki riƙa kurɓar ruwa mai sanyi ko ruwan gishiri da sukari a hankali. Abinci mai sanyi ya fi mai tururi sauƙin wari.

Wadda ba ta da albashi fa?

Mafi yawan matan Chanchaga ba su da takardar ɗaukar aiki. Mai tuyar ƙosai, mai ɗinki, mai kitso, mai sayar da doya a Kasuwar Gwari, ranar da ba su fita ba babu ko sisi. Su garkuwarsu dangi ne da maƙwabta. A gaya wa uwar adashi gaskiya a nemi a matso da kwasa ko a ɗaga zubi, a samu ƙanwa ta riƙe sana'ar kada masu ciniki su watse, kuma kada a cinye jari a kemis alhali asibitin gwamnati na kusa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma nan ne wurin nuna shi.

Kira ga magidanta da masu ɗaukar aiki

Maigida, ciyarwa da magani nauyinka ne, kuma a wannan lokaci har da ɗauke mata girki, da rage turare, da raka ta asibiti ka karɓo takardar da kanka idan ba ta iya tashi. Uwar miji da ta haifi goma ba ta yi irin wannan laulayi ba, ta gode wa Allah, ta tausaya wa wadda aka jarrabta. Matan da wannan ciwo ya daɗe a jikinsu sukan shiga ƙunci da damuwa mai tsanani, kuma kalma mai daɗi na cikin magani.

Mai makaranta, mai shago, shugaban ofis: kwanaki 12 mafi ƙaranci ne da doka ta sa, ba ta hana ku ƙarawa ba. Laulayi na wucewa cikin watanni, ma'aikaciyar da kuka riƙe a lokacin wahalarta kuwa za ta yi muku shekaru da amana. Ga 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, lokaci ya yi da za a ware hutun ciwon ciki daban da hutun jinya, kamar yadda yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanada tun shekarar 2000.

Ke kuma 'yar'uwa, kada tsoron albashin wata ɗaya ya sa ki sayar da lafiyarki da ta abin da ke cikinki. Ki je asibiti yau, ki karɓi takardarki, ki nemi haƙƙinki a rubuce. Allah Ya raba lafiya.