Sayayya ta intanet: Wa ke ɗaukar asara idan kaya suka iso a fashe?

Mai sayen kaya ta WhatsApp ko Facebook a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa yakan biya kuɗi tun kafin ya ga kayan. Idan daga Kano ne, a tasha ake miƙa saƙon ga direba, ya biyo ta Malumfashi ko Funtuwa. Kwalbar turaren da aka cusa cikin leda, aka danne da buhuna, da wuya ta iso lafiya.

Dalilin a fili yake: kwali mai kauri da soso da salatif duk kuɗi ne, mai sayarwa kuwa ya riga ya karɓi nasa. Idan kaya suka fashe, sai ya ɗora wa direba laifi, direba ya ce a ƙulle aka ba shi. Asara ta faɗa kan mai saye.

Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba da damar mayar da kayan da suka zo da aibi. Sai dai neman haƙƙi yana buƙatar hujja: hoton kaya kafin a ɗaure, shaidar tura kuɗi, da buɗe saƙon a gaban direba.